Yadda ake kiwon kifin Ancistrus mai gemu a tankin gilashi

Idan ka je sayen kifin ado, da wuya ka fito mai shago bai nuna maka wani ɗan kifi mai duhu da ya manne bakinsa a jikin gilashi ba, ya ce ka haɗa da wannan, shi zai riƙa share maka tanki, ba ma sai ka ba shi abinci ba. Rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa shi ke kashe kifin. Yana kankare gansakuka, wannan babu musu. Amma ba ya cin kashin sauran kifaye, ba ya rayuwa da datti, kuma kashin da shi kansa yake yi ya fi na yawancin kifayen da ke zaune tare da shi. Halinsa halin akuya ne: baki ba ya hutawa, baya ma ba ta hutawa. Wanda ya riƙe shi a matsayin dabbar da za a ciyar, a ba ta mafaka da ruwa mai iska, yana iya zama da shi shekara 8 zuwa 10. Wanda ya ɗauke shi ma'aikacin shara, cikin 'yan watanni zai tsinci gawarsa a bayan dutse, ciki a shafe.

Asalinsa daga kogunan Kudancin Amurka ne, irin su Amazon da Orinoco da Parana, kuma yana cikin babban gidan kifayen da masana ke kira Loricariidae. Ɗan'uwan tarwada da kurungu ne na nesa, sai dai shi jikinsa lulluɓe yake da faifan ƙashi kamar sulke, cikinsa kuma a fili yake, bakinsa kuma a ƙasa yake, zagayayye, yana manna shi a dutse yana kankara da ƙananan haƙora. Ire-iren Ancistrus sun haura 70, amma wanda ya cika kasuwa shi ne wanda ake sayarwa da sunan Ancistrus cirrhosus, 'yan kasuwa kuma su ce bristlenose. An daɗe ana hayayyafa shi a tankuna, shi ya sa ya fi 'yan'uwansa da ake kamowa daga kogi juriya. Girmansa ba ya wuce santimita 12 zuwa 15. Akwai mai launin ƙasa da ɗige-ɗige masu haske, akwai zabiya mai jajayen idanu, akwai mai jaja-jaja, akwai kuma mai dogayen fikafikai. Kiwonsu duk ɗaya ne.

Mataki na farko: tabbatar shi ka saya

Nan mutane da yawa suke faɗawa rami tun kafin su kai gida. Akwai wani ɗan'uwansa, Pterygoplichthys, wanda ake sayarwa da sunan pleco kawai. Yana ƙarami suna kama sosai, kuma ya fi araha, amma yana kai santimita 40 zuwa 50, ya tumɓuke tsirrai, ya dagula ruwa, ya gagari tankin ɗaki. Ga yadda za ka bambanta su. Jira kifin ya ɗaga fiffiken bayansa ka ƙirga sillayen da ke ciki: na Ancistrus guda 7 ne bayan ƙaya mai tauri ta gaba, na wancan kuwa sun kai 10 ko fiye, fiffiken ya yi tsawo har kusa da wutsiya. Kan Ancistrus ya fi faɗi, jikinsa gajere ne a dunƙule, kuma ƙananansa sukan fito da fari a bakin wutsiya. Idan ya fara girma sai namiji ya fitar da tsiron nan masu laushi a kan hanci, masu rassa, waɗanda suka sa ake ce masa mai gemu. Mace ba ta da su, ko kuma ta fitar da 'yan gajeru a gefen leɓe kawai. Ba a gane namiji da mace sai sun kai wajen santimita 6 zuwa 7.

Da ka tabbatar da iri, sai ka duba lafiya. Abin sa'a shi ne kifin yana son mannewa a gilashi, don haka za ka ga cikinsa a fili. Cikin lafiyayye a cike yake, ba a kumbure ba. Wanda cikinsa ya lotsa, idanunsa suka faɗa, ya daɗe da yunwa, kuma sau da yawa ko an kai shi gida an ba shi abinci ba ya farfaɗowa. Bar shi, ko da an rage maka kuɗi. Haka wanda ke da fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, ko wanda ke cikin tankin da ka ga mataccen kifi a ciki. Kada ka sayi wanda bai kai santimita 4 ba. Ƙanana sosai ba sa jure tafiya da canjin ruwa.

Amma kada ka saya tukuna. Je ka gani, ka dawo gida ka shirya masa wuri.

Mataki na biyu: tanki da abin da za a sa a ciki

Kifi ɗaya da 'yan ƙananan abokan zama suna buƙatar aƙalla lita 80. Idan kana son namiji da mace, nemi lita 110 ko fiye. Lissafin ba wuya: ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000. Tanki mai tsawon 80 da faɗin 35 da zurfin 40 yana ɗaukar lita 112. Kifin ƙasa ne, don haka faɗin ƙasan tanki ya fi zurfinsa amfani, kuma tanki mai faɗi ya fi shan iska ta sama. Kwanon gilashi zagayayye da ake sa wa a kan tebur bai dace da shi ba ko na kwana ɗaya. Ka tuna kowace lita kilo ɗaya ce, idan aka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu nauyin zai haura kilo 140, saboda haka a nemi teburi mai ƙarfi wanda ba ya karkata, a shimfiɗa siririn soso ko kwali mai kauri a ƙarƙashin tankin. A ajiye shi nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma.

A ƙasa a zuba yashi mai laushi ko tsakuwa mai santsi, kaurin santimita 3 zuwa 4, bayan an wanke har ruwan wankin ya fito garau. Tsakuwa mai kaifi tana yanka masa ciki.

Abu biyu ne ba a yi masa rowarsu: itace da kogo. Yana kwana yana kankarar itace, yana cin siririn yauƙin da ke tsirowa a jikinsa tare da ɗan garin itacen, kuma masu kiwo sun daɗe da lura cewa wanda ke da itace ya fi lafiyar ciki. Shagunan kifi suna sayar da saiwar mopani, wata bishiya ta kudancin Afirka, mai nauyi da ke nutsewa da kanta. Busasshen reshen gwaiba da aka ɓare ɓawonsa ma yana yi. A guji darbejiya, domin sinadaran da ke cikinta guba ne ga kifi, haka duk itace mai ƙaro ko farin ruwa irin su tumfafiya da aguwa, da mai ƙamshi irin bishiyar turare, da katakon kafinta da aka shafa wa fenti ko maganin gara. A tafasa itacen awa ɗaya ko biyu, a jiƙa shi a bokiti mako ɗaya zuwa biyu ana canza ruwa, har ya daina tasowa. Zai ci gaba da rina ruwan tanki launin shayi na wani lokaci. Wannan ba ya cutar da kifin, kogunansu na asali ma da yawa haka suke. Idan wani farin yauƙi ya fito a jikin sabon itace, kada ka damu, shi da kansa zai lashe shi.

Kogo kuwa, ƙaramar tukunyar ƙasa marar fenti da aka kwantar a gefe, ko ɓawon kwakwa da aka huda wa ƙofa, ko guntun bututun ruwa na roba, duk suna yi. Kowane kifi ya samu nasa, a ƙara ɗaya a kai. Abin mamaki, kifin da ke da wurin ɓuya ya fi fitowa fili, don ya san inda zai ruga idan ya tsorata.

Tsirrai ba dole ba ne, amma suna taimakawa. Anubias ya fi dacewa saboda ganyensa na da tauri, ba ya iya huda shi, kuma ba ya buƙatar haske mai yawa. Tsiron nan ma ɗan yankinmu ne, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru aka kai shi tankunan duniya. Ba a binne kaurin saiwarsa a yashi, ruɓewa yake. A ɗaure shi da zare a jikin itace. Tsirrai masu faffaɗan ganye mai laushi kuwa, idan yunwa ta kama kifin, za ka wayi gari ka ga ya kankare su sun zama raga.

Mataki na uku: matata, iska, da zafi

Wannan shi ne wurin da mai kiwo a ƙasa mai zafi ya kamata ya fi daɗewa yana tunani, don yawancin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne don mutanen da damuwarsu sanyi ce. Ancistrus kifin ruwa mai gudu ne, yana son zafin ruwa tsakanin digiri 23 da 27. Yana jure 28 ko 29 idan akwai iska sosai, amma ruwa ya daɗe a sama da 30 yana gajiyar da shi. Dalilin kuwa shi ne ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: a digiri 25 lita ɗaya tana iya ɗaukar wajen miligiram 8.3, a digiri 30 ta sauka zuwa 7.6, a 35 ta koma wajen 7. A daidai lokacin kuma jikin kifin da ƙwayoyin bakteriyar tanki suna ƙara buƙatarta. Buƙata na hawa, abin da ake da shi na sauka. A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ruwan tankin da ke ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yana iya kai 32 cikin sauƙi. Idan kuma aka ɗauke wuta matata ta tsaya, to an haɗa masa biyu.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara da matatar soso, wadda famfon iska ke tafiyar da ita. Tana da araha, ba ta cin wuta, tana tace ruwa tana kuma motsa shi lokaci guda. Mafi muhimmanci, akwai ƙananan famfunan iska masu batir da masu aiki da wayar USB, waɗanda za ka jona a batirin cajin waya su yi sa'o'i suna aiki. A wurin da wuta ba ta tsayawa, wannan ɗan famfo ya fi kowane kayan ado da za ka saya wa tankin daraja. Idan da hali, a ƙara matatar lantarki ta cikin ruwa ko ta ratayawa a baya, mai juya ruwan tankin kamar sau 5 a awa, a karkata bakinta yadda fuskar ruwa za ta riƙa motsi. Manyan matatu rufaffu da ake ajiyewa a ƙarƙashin teburi suna da kyau, amma idan wuta ta yi sa'o'i da yawa ba ta dawo ba, ruwan da ke cikinsu yana shaƙewa ya lalace, wuta na dawowa su tura shi cikin tanki. Wanda ba shi da inbata ko sola ya yi hattara da su.

Don rage zafi, a buɗe murfi a maye gurbinsa da raga, a saita ƙaramar fanka tana kaɗa fuskar ruwa. Wannan kaɗai yana sauke digiri 2 zuwa 3, a busasshiyar iskar bazara ma ya fi haka. Ruwa zai riƙa raguwa, sai a riƙa cikawa. A kashe fitilar tanki da rana. Ranar da abin ya tsananta, a sa gorar ruwa mai ƙanƙara, a rufe, ta yi iyo a sama; kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, kuma kada a sauke zafin da sauri, don faɗuwar digiri da yawa cikin awa ɗaya ta fi zafin illa. Da hunturu kuma abin yana juyawa: idan ma'aunin zafi ya nuna ƙasa da 22 da asuba, a sa hita mai kashe kanta, kusan wat ɗaya ga kowace lita. Ma'aunin zafi na gilashi bai kai kuɗin kifi ɗaya ba, kada a ce za a auna da yatsa.

Kifin da kansa yana gaya maka idan iska ta yi ƙaranci. Yana iya haɗiyar iska daga sama ya sha ta ta cikinsa, don haka idan ya ruga sama sau ɗaya ya dawo ba komai. Amma idan ka ga yana yawan yi, ko ya manne a can sama kusa da inda ruwan matata ke zubowa yana numfashi da sauri, ƙara iska nan take ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan.

Mataki na huɗu: bar tankin ya nuna

Cika tanki da ruwa, kunna matata, amma kada ka sa kifi. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙona masa wurin numfashi. Akwai bakteriyar da ke mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda ba shi da illa sosai sai ya taru. A cikin soson matata waɗannan ƙwayoyi suke zama, kuma sabon soso ba shi da su. Suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su wadata. A wannan lokaci ka riƙa jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu za su ɗauka, kowace rana ko bayan kwana biyu, ya ruɓe ya ba su abin ci. Idan kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙi guntun sosonsa ko ka matse dattinsa a cikin naka. Wannan yana rage jiran sosai.

Ba a gane tanki ya nuna da ido. Ruwa yana iya yin garau alhali cike yake da guba. Nemi kayan gwajin ruwa na ɗigawa: idan amoniya ta nuna 0, naitirait ya nuna 0, naitiret kuma ya fara bayyana, an kai. Jiran yana da wata riba: kafin lokacin gilashi da itace sun fara yin gansakuka mai launin ƙasa, wadda ita ce abincin da ya fi so.

Maganar ruwa, ba shi da tsirfa. Ma'aunin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, daga 6.5 zuwa 7.5 ya yi, ɗan sama da haka ma yana zama. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar matata duka. A sa maganin cire kulorin na shagon kifi, ko a ajiye ruwan a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu ana hura masa iska. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin amma yakan fito ba iska a cikinsa, wani kuma da ƙarfe, don haka shi ma a bar shi ya kwana. Ruwan da ya sauko daga baƙin tankin kan rufi da tsakar rana kuwa yana iya dafa kifi. A ɗebi ruwa da safe.

Mataki na biyar: ranar kawo shi

A sayo da safe ko da yamma, a sa ledar a cikin kwali ko jaka mai duhu, kada a bar ta a mota a rana ko na minti biyar. A gida a kashe fitila, a ɗora ledar a rufe a kan ruwan tanki minti 15 zuwa 20. Sai a buɗe, a riƙa zuba rabin kofi na ruwan tanki a ciki kowane minti 5 har na rabin awa. Daga nan a juye a roba, a ɗauki kifin a sa a tanki, a zubar da ruwan shago.

Kada a kama shi da raga. A gefen kumatunsa akwai wasu ƙayoyi masu lanƙwasa da yake bazawa idan ya tsorata, su sarƙe a raga, wajen ɓanɓarewa a ji masa ciwo. A kora shi cikin kofi ko robar abinci, ko a ɗauke shi tare da kogon da ya shiga. Idan ya riga ya sarƙe, a mayar da ragar cikin ruwa a bar shi. Da ya natsu yakan janye su da kansa. Idan ya manne a gilashi kuma ba a fizgarsa, a tura shi a hankali ta gefe.

Wanda ke da wasu kifaye a tanki ya fara ajiye baƙon a wani wuri dabam mako 2 zuwa 4. Kwanakin farko ba za ka gan shi ba sai da dare, haka yake.

Abokan zama: kifayen ado irin su guppy da platy da molly da ƙananan tetra da Corydoras duk suna zama da shi lafiya. Maza biyu a ƙaramin tanki faɗa za su yi ta yi a kan kogo, da waɗannan ƙayoyi na kumatu. Kada a haɗa shi da tarwada ko wani kifi mai babban baki. Zai haɗiye shi, ƙayoyin su maƙale masa a wuya, a rasa duka biyun.

Mataki na shida: ciyarwa

Gansakukar tanki mai lita 100 ba ta wuce masa kwana biyu zuwa uku. Daga nan sai abin da ka ba shi. Kuma ba kowace iri yake ci ba: yana cin mai launin ƙasa da koriya mai laushi, amma baƙar nan mai gashi da ke fitowa a gefen ganye, da mai yauƙi mai wari da ke shimfiɗuwa a kan yashi, ba ya taɓa su.

Mafi yawan abincinsa ganye ne. Tushen abincin ya zama ƙwayoyin nan masu faɗi da ke nutsewa, waɗanda aka yi da gansakukar spirulina: rabin ƙwaya ga ƙarami, ɗaya ga babba, a jefa bayan an kashe fitila don kada sauran kifaye su riga shi. Sau 3 ko 4 a mako a ba shi kayan lambu. Kokwamba, kabewa, dankalin Hausa, karas, koren wake, alayyafo da latas duk yana ci. A wanke sosai saboda maganin feshin gona, a fere masu ɓawo, a cire 'ya'yan kokwamba don suna ɓata ruwa. Masu tauri irin karas da dankali da kabewa a tsoma su a tafasasshen ruwa minti 1 zuwa 2, ba gishiri ba mai, a bari su huce. A soke yankan da cokali mai yatsu wanda ba ya tsatsa don ya nutse. A sa da daddare a cire ragowar da safe. A ruwan ɗumi kayan lambu na saurin ruɓewa. Idan ya ƙi ci karon farko kada ka fasa, wani sai an yi ta gwadawa kafin ya gane abinci ne.

Abinci mai nama, irin jan tsutsa daskararriya ko ƙwayar jatan lande, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kaɗan. Hanjinsa dogo ne, an yi shi don ganye, kuma yawan abinci mai maiƙo yana kumbura masa ciki. Shi ya sa abincin tarwada na gona bai dace ya zama abincinsa na kullum ba, ko da shi ne a kusa: an haɗa shi don kifi mai cin nama ya yi ƙiba cikin 'yan watanni, ga shi yawancinsa ba ya nutsewa. Burodi da shinkafa da tuwo kuwa ruwa kawai za su ɓata.

Alamar yana ƙoshi ita ce dogayen zaren kashi masu launin abin da ya ci, a rataye a itace da ganye. Ba su da kyan gani, amma labari ne mai daɗi.

Mataki na bakwai: aikin mako-mako

Kowane mako a canza kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan. A yi amfani da tiyo a zuƙe kashin da ya taru a ƙasa, musamman ƙarƙashin itace. Sabon ruwa ya zama kusan zafi ɗaya da na tanki. A riƙe naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, ƙasa da 20 ya fi. Cika ruwan da fanka ta busar ba canjin ruwa ba ne: ruwa ne ya tafi, dattin yana nan. Soson matata a matse shi a cikin ruwan da aka cire daga tanki bayan mako biyu ko uku, ba a ƙarƙashin famfo ba. Ba a kwashe komai a wanke tanki tas, kuma sabulu ko garin wanki ba sa kusantar bokitin kifi.

Wani abin da ke kashe tanki guda cikin dare ɗaya shi ne maganin sauro. Na feshi da na kunnawa da fiya-fiya duk guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. Mafi kyau kada a fesa a ɗakin da tanki yake. Idan ya zama dole, a kashe famfon, a rufe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen tawul, a buɗe tagogi iska ta fita kafin a kunna. Wanda ya shafa mai ko turare ya wanke hannu da ruwa zalla kafin ya tsoma shi.

Cutar da aka fi gani ita ce farin ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Ichthyophthirius ke kawowa, galibi bayan sabon kifi ko faɗuwar zafin ruwa. Magani ba ya kashe ta tana jikin kifi, sai lokacin da ta sauka tana yawo a ruwa, don haka a ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. A karanta takardar maganin: da yawa suna cewa a rage yawan maganin ga kifaye marasa ɓawo irinsa. A guji mai sinadarin tagulla, a ƙara iska lokacin magani, kuma kada a ɗauko al'adar zuba gishiri ta masu gonar tarwada a kawo nan. Idan ciki ya kumbura, a dakatar da abinci kwana biyu, a canza ruwa, a koma kan ganye zalla. Idan launinsa ya koɗe a wasu wurare ya dawo bayan ɗan lokaci, ba cuta ba ce, tsoro ne ko canjin haske.

Idan kana son su hayayyafa

A gaskiya idan namiji da mace sun balaga, sun kusa shekara, suna ƙoshi, hana su ya fi sa su wuya. Abin da namiji ke nema shi ne kogo mai ƙofa ɗaya, wanda ya ɗan fi jikinsa faɗi, kamar santimita 4 zuwa 5, tsawo 12 zuwa 15, a toshe ɗaya ƙarshen. Zai share shi ya zauna a bakin ƙofa. Idan sun yi jinkiri, a canza ruwa da wanda ya fi na tanki sanyi da digiri 2, abin da ke kwaikwayon saukar damina a kogunansu. Mace za ta shiga ta manna ƙwai a dunƙule, manya masu launin ruwan lemo, daga 30 zuwa 80 ko fiye gwargwadon girmanta, ta fita. Daga nan aikin uba ne. Zai toshe ƙofa da jikinsa, yana kaɗa musu ruwa da fikafikai dare da rana, yana tsince wanda ya lalace, kusan ba ya fitowa cin abinci. Kada a dame shi da tocila. Wanda aka tsorata yakan turo ƙwan waje. Suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 6, su ƙara wasu kwanaki kamar haka suna shan kwaiduwar da ke cikinsu, sannan su bazu a gilashi da itace.

Iyayen ba sa cin su. Yunwa da ƙazamin ruwa da bakin matata ne ke kashe su. A ɗaure soso a bakin duk matatar da ke zuƙar ruwa, a tabbatar kullum akwai yankan kabewa ko kokwamba da dakakkiyar ƙwayar spirulina a gabansu, a riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a mako. Cikin wata 3 zuwa 4 sukan kai girman da za a iya bayarwa ko sayarwa.

Ka san inda za ka kai su tun kafin su zo, don ma'aurata ɗaya suna iya yin ƙwai kusan kowane wata. Zuba su a kogi ko dam ko kududdufi ba mafita ba ce. Manyan 'yan'uwansu da aka saki daga tankuna sun mamaye ruwaye a Florida da Texas, da kogin Marikina na Filifin, da kogin Buriganga na Bangaladash, da madatsar Infiernillo ta Meziko, inda suke yaga wa masunta koma, suna haƙa ramuka a gaɓa, suna rage kifin da ake ci. Ancistrus kansa ya kafu a rafukan tsibirin Oahu na Hawaii. Ruwayenmu da ɗuminsu ba abin da zai hana shi yin haka. A mayar wa mai shago, ko a ba wani mai tanki. Idan kuma sun ishe ka, cire kogon ba ya hana su, za su samu wani lungu a ƙarƙashin itace. A raba namiji da mace, kowa da tankinsa.